Yadda Ake Samo Madadin Transista Idan Za a Haɗa Fedar Jita

Da 'yar takarda na shiga kasuwar Sabon Gari a Kano, an rubuta NKT275 a jikinta. A shago na farko yaron ya duba ya girgiza kai. Na biyu ya ce in dawo jibi, wanda kowa ya san ma'anarsa. A na uku ne wani dattijo mai gyaran rediyo da ya zo sayen dalma ya leƙo takardar ta saman tabaransa, ya ce, "Yaro, wannan ai ya girme ka. Me za ka yi da shi?" Na ce, "Baba, fedar jita nake son haɗawa." Ya ce shi fedar keke ya sani, amma in dai transista ne, in daina yawo da lamba, in gaya masa aikin da abin zai yi. Ya ja ni rumfarsa, ya zaro wani gwangwanin madara cike da tsofaffin transistoci masu hular ƙarfe da ya cicciro daga matattun rediyoyi, ya zube su a kan tebur.

Fedar da ake magana ita ce ɗan akwatin nan da mai kaɗa jita yake ajiyewa a ƙasa, tsakanin jitar da amfilifaya, yana taka maɓallinsa sautin ya sauya: ya yi kaushi, ya yi gurnani, ko ya riƙa lilo. Wanda ya taɓa sauraren makaɗan jitar Agadas ya san irin wannan amon. Da yawa daga cikin fitattun fedojin nan kayan cikinsu ba su taka kara sun karya ba, transista biyu ko huɗu ne da 'yan resistoci da kafasita. Wahalar tana wuri ɗaya: zanen da za ka samu yana ɗauke da lambar transistan da aka daina ƙerawa tun tuni.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, su kansu kamfanonin ba su riƙe lamba ɗaya ba. Fuzz Face, da kamfanin Arbiter ya fitar a Landan a 1966, ta fara da NKT275 na jameniyam, sinadarin da aka fara yin transista da shi, daga baya aka koma silikon irin su BC183L da BC108. Big Muff ta Electro-Harmonix, da ta fito a Amurka a 1969, ta ga 2N5133, ta ga BC239, ta ga 2N5088, waɗanda aka haɗa a Rasha kuma KT3102 aka zuba musu. Abin da ke hannu da araha shi suke sa wa. Kai ma haka za ka yi, sai dai da mitar awon wuta a hannu.

Mataki na farko: gano aikin da transistan yake yi

Kafin ka nemi madadi, shimfiɗa zanen da'irar ka duba inda transistan ya zauna, domin ba duka ne ke da hannu a sauti ba.

Akwai wanda ɗan aike ne kawai. A Tube Screamer ta Ibanez, 2SC1815 ɗin da ke bakin shiga da wanda ke bakin fita aikinsu su karɓi sigina su miƙa shi yadda yake. Transista ƙafa uku gare shi, emita (E), bes (B) da kolekta (C); za ka gane irin waɗannan da cewa ta ƙafar emita siginar ke fita, kolekta kuma a haɗe take kai tsaye da wuta. A irin wannan gurbi kusan kowane ƙaramin NPN na silikon zai yi (NPN da PNP jinsin transista ne biyu da ake ba su wuta a juye da juna): 2N3904, BC549, C945. Kada ka ɓata kuɗi ko lokaci a nan.

Akwai wanda yake haɓaka sigina amma da'irar ta ɗaure shi da resistoci, kamar huɗun da ke cikin Big Muff. A can diyod ne ke yanke siginar ya ba da kaushin, transistan turawa kawai yake yi. Abin da ake so shi ne mai ƙarfin haɓakawa sosai kuma marar hayaniya. 2N5088, 2N5089, BC549C, BC550C da MPSA18 duk suna shiga.

Sai na uku, wanda shi ne sautin kansa: Fuzz Face, Tone Bender, da Rangemaster mai OC44 guda ɗaya tilo. A waɗannan, transista biyu masu lamba ɗaya daga leda ɗaya za su iya ba ka sauti biyu da ba su yi kama ba. Yawancin abin da ke ƙasa saboda wannan rukuni na rubuta shi.

Mataki na biyu: karanta lambar

Lambar tana faɗin abubuwa idan ka san tsarinta. A tsarin Turai harafin farko yana nuna abin da aka yi transistan da shi: A jameniyam, B silikon. Harafi na biyu C yana nufin ƙarami na aikin sauti, F kuma na aikin zangon rediyo. Ke nan AC128 jameniyam ne na sauti, BC108 silikon ne na sauti. Masu OC a gaba, irin OC44 da OC75, tsohon tsari ne, kuma waɗanda za ka gamu da su a zanen feda kusan duk jameniyam ne.

A tsarin Japan, 2SA da 2SB duk PNP ne, 2SC da 2SD NPN ne, 2SK kuma FET ne, wani jinsin transista daban da za mu zo kansa a ƙarshe. Sau da yawa ba a buga 2S ɗin a jiki, shi ya sa kake ganin C1815 ko C945 kawai. Na Tarayyar Sobiyet masu farawa da GT ko 1T jameniyam ne, KT ko 2T silikon, sai tsofaffin MP, inda MP39 zuwa MP42 suke PNP na jameniyam, MP38 kuma NPN. Tsarin Amurka mai 2N shi ne marar kirki: lambar ba ta gaya maka komai, sai ka nemo takardar bayaninsa.

Harafin da ke wutsiya ma kada ka raina shi, rukunin ƙarfin haɓakawa ne, wato sau nawa yake ninka wutar da ta shiga bes. A dangin BC547 zuwa BC550, A yana tsakanin 110 da 220, B tsakanin 200 da 450, C tsakanin 420 da 800. A 2SC1815, O yana 70 zuwa 140, Y 120 zuwa 240, GR 200 zuwa 400, BL 350 zuwa 700. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. A gyaran talabijin wataƙila haka ne, a fedar faz, wato mai kaushin sauti irin Fuzz Face, ba haka ba ne.

Mataki na uku: abin da za ka duba a takardar bayani

Takardar bayanin transista tana da tsawo, amma feda batir 9V take ci, wutar da ke ratsa transistan kuma ba ta wuce 'yan miliamfiya ba. Saboda haka iyakar wutar da yake jurewa da saurin aikinsa ba abin damuwa ba ne, kusan kowane ƙarami ya wuce bukatarka. Abubuwa huɗu za ka rubuta a gefe: jinsi, wato NPN ko PNP ko FET, jameniyam ne ko silikon, ƙarfin haɓakawa da ake rubutawa hFE, da jerin ƙafafu. Jinsi ba a sasanci a kansa sai an juya da'irar baki ɗaya. Sauran ukun ana iya yi musu dabara.

Mataki na huɗu: inda ake samo su

Na silikon ba su da wuya. Duk inda ake sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin za ka samu C945, C1815, BC547, BC548, 2N3904, 2N2222 da S9014. Shi S9014 ɗin mutane na raina shi don arha, alhali rukuninsa na C da D suna da ƙarfin da zai ishi Big Muff. Sayi goma goma, kada ka sayi ɗaya ɗaya, domin zaɓe za ka yi.

Jameniyam kuwa sai an tona. Rediyoyin hannu na shekarun 1960 zuwa farkon 1970 cike suke da shi, musamman na Japan: 2SB54 da 2SB56 na Toshiba, 2SB75 da 2SB77 na Hitachi, 2SB175 na Matsushita. Dukkansu PNP ne na sauti, kuma na ji da kunnena suna yin abin da AC128 yake yi a Fuzz Face. Wurin nema shi ne tsofaffin masu gyara da 'yan gwangwan. Idan za ka cire da kanka, bar ƙafafun da tsawonsu, ka kama ƙafar da filaya tsakanin jikin transistan da wurin da kake narka dalmar don filayar ta shanye zafin. Jameniyam iyakarsa digiri 75 zuwa 90 ne gwargwadon iri, silikon kuwa yana kai 150. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa. In dalmar ta ƙi, ɗaga hannu, bari ya huce.

Masu AF114 zuwa AF117 da za ka gani a rediyoyin Turai, bar su inda suke. Suna da wata cuta: wasu siraran zarurrukan ƙarfe suna tsirowa a cikin hularsu su haɗe ƙafafun.

Ta intanet, na Sobiyet sun fi aminci a wurina, domin an ƙera su da yawa, sun yi saura, ba su yi tsadar da wani zai wahala yana yin jabunsu ba. GT308 da 1T308 ba su cika yoyo ba, wato silalewar wuta ba tare da an ba bes komai ba. Masu sunan nan kuwa, NKT275 da OC44 da AC128, nan ne ake cin kasuwar jabu. Na taɓa yin odar AC128 guda goma daga wani mai sayarwa, suka iso fes, rubutun jikinsu kamar yau aka buga. Da na ɗora mita, bakwai yoyonsu ya wuce misali, biyu ba su motsa ba sam, ɗaya kuma silikon ne aka sa wa hula. Gane wannan ba wuya: juya mita zuwa alamar diyod ka auna tsakanin bes da emita. Jameniyam yana nuna wajen 0.15 zuwa 0.3, silikon 0.55 zuwa 0.7.

Mataki na biyar: gano ƙafafu

Nan ne mafi yawan masu farawa suke faɗuwa, su ce transistan ya mutu alhali a juye suka sa shi. Riƙe mai jikin roba, gefen da yake a daɗe yana kallonka, ƙafafu suna ƙasa, ka karanta daga hagu. 2N3904, 2N5088 da S9014 jerinsu E, B, C. BC547 zuwa BC550 akasin haka ne, C, B, E, juya shi kawai za ka yi ya shiga. C1815 da C945 su ne masu ba da aiki, domin jerinsu E, C, B ne, bes tana gefe; dole ka lanƙwasa ƙafa biyu su tsallake juna, ka zura wa ɗaya 'yar robar waya don kada su taɓa.

Har a cikin gida ɗaya ana samun saɓani. PN2222A jerinsa E, B, C, amma P2N2222A a juye yake. BC183L kolektarsa ce a tsakiya, ba kamar BC183 marar L ba. Masu hular ƙarfe irin BC108 suna da ɗan kunne a gefe, ƙafar da ke kusa da shi ita ce emita. A OC da AC da yawa, ɗigon fenti yana gefen kolekta. MP na Sobiyet kuma bes ɗinsu a haɗe take da hular, don haka kada hular ta taɓa jikin akwati.

In ba ka yarda da rubutu ba, kuma bai kamata ka yarda ba, mita za ta faɗa maka. A kan alamar diyod, nemo ƙafar da take ba da lamba da sauran biyun: ita ce bes. In jar waya ce a kanta, NPN ne. In baƙa ce, PNP. Sauran biyun kuma, gwada hFE ta fuska biyu, inda lambar ta fi girma nan ne daidai.

Mataki na shida: awo, musamman na yoyo

Silikon ba ya wahalar awo. Ƙananan mitoci irin DT830 suna da ramukan hFE, ka cusa ka karanta ka rubuta. Jameniyam ne ke yaudarar wannan mitar. Dalili shi ne yana yoyo: ko ba a ba bes komai ba, wuta tana silalewa daga emita zuwa kolekta. Mitar ba ta bambancewa, sai ta tara yoyon da haɓakawar gaskiya ta ba ka lamba ɗaya mai kyan gani. Transistan da ya fi kowa lalacewa shi zai fi kowa lamba.

Hanyar da masu haɗa feda suka daɗe suna bi ita ce wadda injiniya R.G. Keen ya yaɗa. Kana bukatar batir 9V mai rai, resista 2.2M ɗaya, da resista 2.472k, wanda za ka samu kusan daidai idan ka jera 2.2k da 270. Ga yadda ake yi wa PNP. Emita ta tafi kan batir mai alamar +. Kolekta ta bi ta resista 2.47k ta tafi kan mai alamar −. Ɗora wayoyin mita a kan ƙafafun wannan resistan, mitar tana kan awon volt. Bes kuma a bar ta a sake tukuna.

Lambar da ka gani yanzu yoyo ce zalla. A ce ta nuna 0.37V. Raba da 2,470, ka samu kusan mikroamfiya 150. Rubuta. Sannan haɗa bes da kan − ta cikin resista 2.2M, wanda zai ba ta kusan mikroamfiya 4. A ce mitar ta hau 1.22V. Cire ta farko daga ta biyu, saura 0.85, ka ninka da 100: ƙarfin gaskiya 85 ne. Wanda bai cire yoyo ba zai ce 122 ne, ya sa shi a gurbin da ba nasa ba. An zaɓi 2.472k ne musamman don lissafin ya faɗo a kan ninkawa da ɗari. Idan NPN ne, juya batir kawai.

Kada ka riƙe transistan da yatsu kana awo. Ɗumin hannunka kaɗai ya isa ya sa lambar ta riƙa hawa kana kallo. Ɗauke shi da hantsaki, sa shi a soket, ka ba shi minti biyu ko uku har lambar ta tsaya. Wanda lambarsa ta ƙi tsayawa, tana ta hawa ba iyaka, jefar da shi. In kuma mai jikin gilashi ne irin OC71 da baƙin fentinsa ya kankare, rufe wurin, domin haske na shiga ya canja aikinsa.

Ga inda namu ya bambanta da na masu rubuta zanen. Alƙaluman takardar bayani a digiri 25 ake auna su. Yoyon jameniyam kuwa yana ninkawa kusan duk ƙarin digiri 10. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Agadas, zafi yana haura 40, balle a cikin baƙin akwatin ƙarfe da aka ajiye a filin biki da la'asar. Transistan da ya nuna mikroamfiya 150 a ɗaki mai sanyi zai iya kai 600 a can. A Turai ana cewa duk wanda bai wuce 300 ba ya yi. Ni ban ɗaukar wanda ya wuce 150 a awon da na yi da rana a ɗakina, in na samu ƙasa da 100 kuwa shi ne na gaban goshi. Kuma a rana ɗaya, a lokaci ɗaya nake auna duk tarin, don wanda aka auna da asuba a lokacin hunturu ba a kwatanta shi da wanda aka auna da azahar a bazara.

Ga Fuzz Face, abin da aka saba nema shi ne na farko ya kasance wajen 70 zuwa 85, na biyu wajen 100 zuwa 130. Ba doka ba ce, wurin farawa ne. Rangemaster tana son wajen 70 zuwa 100 marar yoyo kuma marar hayaniya, tunda shi kaɗai ne, duk shuuu ɗin da ya yi sai an ji. Masu ɗan yoyo kuma kada ka zubar da su duka: transista na farko a Tone Bender MkII ba shi da resistan da ke ba bes ɗinsa wuta, da yoyon yake rayuwa. Ka sa masa marar yoyo, ko silikon, sai ya yi gum.

Akwai 'yan na'urorin gwaji masu arha, irin LCR-T4 da TC1, da suke nuna jinsi da ƙafafu da hFE lokaci ɗaya, wasu har da yoyo. Suna da amfani ƙwarai wajen gano ƙafafu. Lambar hFE ɗinsu takan saɓa da ta hanyar da na bayyana domin ba da wuta ɗaya suke awo ba, saboda haka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta.

Mataki na bakwai: soket, saiti, sannan kunne

Kada ka liƙa transista da dalma tun farko. Sa soket, ko ka yanko ramuka uku daga soket ɗin IC, don ka riƙa cirewa kana sauyawa. A Fuzz Face, cire resista 8.2k da ke kan kolektar transista na biyu ka sa firiset 20k, wato ƙaramin resista da ake juyawa a sauya ƙimarsa, a gurbinsa. Kunna, ɗora mita tsakanin wannan kolektar da layin ƙasa, wato layin da ke haɗe da jikin akwati, ka juya har ka ga wajen 4.5V. Kolektar na farko, in jameniyam ne, takan zauna wajen 0.5 zuwa 0.7V, in silikon ne ta fi haka, ta haura 1V. A Rangemaster wajen 7V ake nema a kolekta.

Daga nan sai kunne. Haɗa jitar kai tsaye da fedar, kada wata feda ta shiga tsakani, domin Fuzz Face ba ta son hakan. Kaɗa tsirkiya ɗaya ka bar ta ta mutu da kanta. In sautin ya yanke farat ɗaya kamar an shaƙe shi, saiti ya kauce, koma kan firiset. Sannan rage boliyum ɗin jitar zuwa rabi: haɗi mai kyau zai washe, kaushin ya ragu, sautin jitar ya fito sarai. In ya ci gaba da ƙara kamar ƙudan zuma a gwangwani, ƙarfin transistocin ya yi yawa. Ni nakan tsayar da nawa ɗan sama da 4.5V, wani kuma ƙasa yake so. Wannan kai da kunnenka.

Saboda zafinmu, na daina ɓoye firiset ɗin a ciki. Ina huda akwati in sa masa maɓallin juyawa a waje, mai kiɗa ya gyara da kansa idan rana ta buɗe.

Idan jameniyam ya gagara

Sa silikon, ba abin kunya ba ne, kuma bai damu da zafi ba. Matsalarsa ƙarfi ne ya yi yawa. Nemi masu rauni: C1815 rukunin O ko Y, 2N3903, 2N2369A, ko ka tsince masu ƙaramar lamba a cikin tarin 2N3904 da 2N2222. BD139 ma, duk da girman jikinsa, ƙarfinsa yakan faɗo daidai inda ake so, jerinsa E, C, B idan rubutun na kallonka. Fuzz Face ta silikon tana da halin yin fito, wani lokaci har ta kamo tashar rediyo. Na taɓa tsayawa da jita a hannu ina jin labaran yamma ta lasifika. Maganinsa ƙaramar kafasita 100pF zuwa 220pF tsakanin bes da kolekta na transista na biyu, in bai isa ba a ƙara wa na farko, a kuma gajarta wayoyi. Kafasitar tana rage tsinin sautin, ya matso kusa da taushin jameniyam.

Sai batun wuta. Tsofaffin da'irorin PNP kan + ne yake a layin ƙasa, akasin kusan duk fedojin yau. In ka haɗa irin wannan da sauran fedoji a kan adafta ɗaya mai rassa, ka haɗe + da − ke nan. Ko dai ka bar ta a kan batir, wanda zai daɗe tunda abin da take ci kaɗan ne, ko ka sa IC mai juya wuta irin TC1044 ko ICL7660S. In kuma NPN za ka koma, ko silikon ko jameniyam irin AC127 da MP38A, juya wayoyin batir, ka juya duk kafasita mai alamar + da −, da diyod in akwai. Ka manta kafasita ɗaya, za ta yi ta yoyo tana ɓata maka saiti kana zargin transista.

FET: nasu awon daban

J201, 2N5457 da 2N5952 masu dogayen ƙafafu sun yi wuya tun da manyan kamfanoni suka daina yin su a wannan jiki, kuma jabunsu ya cika intanet. J201 na gaske yana nan a ƙaramin jiki da sunan MMBFJ201, sai a liƙa shi a kan ɗan allo mai ƙafa uku. A tsofaffin rediyo masu kaset na Japan kuma ana samun 2SK30A.

Su ƙafafunsu D, S da G ake kira, kuma ba hFE ake aunawa ba, abu biyu ne. Na farko, haɗa G da S wuri ɗaya zuwa kan −, ka sa mita a kan miliamfiya tsakanin D da kan +: wannan ita ce wutar da yake saki in an bar shi. J201 yana tsakanin 0.2 da 1, 2N5457 tsakanin 1 da 5. Na biyu, D a kan +, G a kan −, mita a kan volt tsakanin S da kan −: lambar da ta fito ita ce kusan inda yake rufewa. J201 yana tsakanin 0.3 da 1.5V. In wanda aka sayar maka da sunan J201 ya nuna 3V, wani abu ne daban aka yi wa rubutu. A da'irar haɓakawa, firiset a ƙafar D yakan daidaita bambancin, a juya shi har mita ta nuna wajen rabin wutar batir a ƙafar D. A Phase 90 ta MXR kuwa, FET huɗu ne da dole su yi kusan daidai da juna, in ba haka ba lilon sautin ba zai fito ba. Lambar jikinsu ba ta kai dacewarsu muhimmanci ba, don haka auna ashirin ka zaɓi huɗun da suka fi kusa. Ka kula, J201 da 2N5457 jerinsu D, S, G ne, 2N5952 kuma a juye. Haka BS170 da 2N7000: suna maye gurbin juna, amma ɗaya D, G, S ne, ɗayan S, G, D.

Daga gwangwanin dattijon nan, bayan na auna sama da talatin, shida ne suka tsallake. Kowanne na naɗa masa 'yar takarda mai gam a ƙafa, na rubuta ƙarfinsa da yoyonsa da watan da na auna. Biyun da suka shiga fedar 2SB175 ne da 2SB56, kamfani daban daban. Kafin in liƙa su da dalma, na rufe akwatin na ajiye shi a rana na rabin awa, na dawo da shi na sake ɗora mita a kolekta. Ta kauce da kusan volt ɗaya, maɓallin waje ya dawo da ita, sannan na kunna ƙarfen narka dalma.